Yadda Za Ki Haɗa Ɗan Aiki Da Karatun Digirin Nas A Legas Ba Tare Da Kin Zubar Da Fostin Ba

Duk shekara in aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu admishan sai an samu wata a unguwarmu nan Agege da za ta biyo ni har gida, ko kuma mamanta ta turo ta, wai Anti na samu nosin amma Baba ya ce shi kuɗin makaranta kawai zai iya, na mota da na handawut da na ci sai dai in san yadda zan yi, toh akwai aikin da mutum zai iya haɗawa da karatun nan kuwa? Amsar ita ce eh akwai, ni ma haka na yi nawa, amma fa ba kowane aiki ba kuma ba kowane lokaci ba. Da mata nake magana don su suka fi tambayata, amma ƴan uwa maza masu karanta nosin ku ma ku ɗauka, kusan duk ɗaya ne, sai dai ku cire lalle ku sa POS ko gyaran waya.

Mataki na farko tun kafin ki fara cigiyar aiki, ki san irin karatun da kika shiga. Digirin nas, wato BNSc, shekara 5 ne, kuma shekarun nan ba nauyinsu ɗaya ba. In UNILAG ce 100 lebul a Akoka za ki yi sannan a dawo da ke Idi-Araba inda asibitin koyarwarta LUTH yake, in kuma LASU ce ki fara a Ojo ki koma Ikeja kusa da asibitin koyarwarta LASUTH. Shekarar farkon nan fiziks ne da kemistiri da bayoloji da darussan gama-gari, akwai ɗan sarari, amma kar sararin ya ruɗe ki don da makin wannan shekarar ake tsallakawa. 200 lebul ita ce mai karya mutane, anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri su taho miki lokaci guda ga kuma tushen aikin nas ɗin kansa, yadda ake gyara gado, yadda ake auna jini da zafin jiki. Daga nan kuma fostin, wato koyon aiki a asibiti, ya fara cin lokacinki, a tura ki wad ki yi dutin safe ko na rana, wani lokacin har na dare, kuma abin da yawancin sabbin shiga ba su sani ba shi ne hutun da ƴan sauran kwasa-kwasai suke tafiya gida, ku lokacin ne ma ake jibga muku fostin. A wajen 400 lebul ake zana jarabawar Kansul ta zama RN, wato nas mai rajista, 500 lebul kuma ga ungozoma ga furojet. Kansul ɗin nan ita ce hukumar kula da aikin nas da ungozoma ta Najeriya, ita ke ba da lasisi, jami'a digiri kawai take bayarwa.

Dalilin da ya sa na jero miki wannan shi ne ki gane abu ɗaya, lakca in ta wuce ki za ki iya aron not ki kwafa, fostin in ya wuce ki babu wanda zai ara miki. Akwai rajistar zuwa, akwai littafin da sista, babbar nas ta wad, take sa miki hannu duk aikin da kika yi a gabanta, in babu sa hannun nan ba za a gabatar da ke jarabawar Kansul ba ko da ke ce ta ɗaya a aji. Saboda haka duk aikin da za ki kama shi ne zai bi jadawalin makaranta, ranar da makaranta ta fara bin jadawalin aiki toh kin fara rusa abin da kika zo ginawa.

Mataki na biyu, ɗauko takarda da biro ki yi lissafin awoyinki, da gaske nake, ki rubuta. Sati ɗaya awa 168 ne. Cire barci awa 7 kullum, 49 kenan. Cire lakca ko fostin, a ce 40. Cire hanya, kuma a nan ne Legas take bambanta da Kano ko Zariya, in daga Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago kike tasowa kar ki yaudari kanki, zuwa da dawowa ki sa awa 3 a rana, 15 kenan a kwana biyar, ranar da aka yi ruwa kuma sai addu'a. Karatun kanki a ce awa 18. Salla da girki da wanki da gugar yunifom da aiken Mama a ce 21. In kika haɗa za ki ga abin da ya rage bai wuce awa 25 ba, kuma ba a dunƙule suke ba, gutsi-gutsi ne, awa biyu nan awa ɗaya can. Ni a ganina a satin lakca kar aiki ya wuce awa 10 zuwa 12, a satin fostin ki rage rabi, in jarabawa ta matso ki ajiye gaba ɗaya. Wata za ta ce ai wance tana yin fiye da haka, toh ki je ki tambayi wance keri-oba nawa take ɗauke da shi.

Sai lissafin kuɗi, shi ma a rubuce. Nawa kike buƙata a wata ba nawa kike sha'awa ba: kuɗin mota, abinci, data, fotokwafi, safar hannu da takunkumi don wani wad ɗin sai kin zo da naki, da ɗan abin da za ki ajiye saboda kuɗin indeksin, wato rajistar sunanki a Kansul a matsayin ɗaliba, da na jarabawar Kansul da suke faɗowa mutum a ka lokaci guda. Kafin ki ce sai aiki, ki fara toshe abin da zai toshu ba tare da gumi ba. Tun 2024 akwai bashin ɗalibai na NELFUND ga ƴan makarantun gwamnati, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye su kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, wannan ya kwantar wa iyayenmu da yawa hankali, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ki kuma bincika sikolashif ɗin jiharku ta asali, da yawa cikinmu a nan aka haife mu amma takardar shaidar ƙaramar hukumarmu ta Kano ce ko Katsina ko Sakkwato, ba ma ko nema. In waɗannan suka rufe rabin ramin, aikin da za ki yi ya ragu da rabi kenan.

Mataki na uku shi ne zaɓen aikin, kuma ma'aunina guda ɗaya ne: wa ke riƙe da agogon, ke ko oga? Duk aikin da za a ce ki zo takwas na safe ki tashi biyar, shago ne ko ofis ko kantin magani, ki manta da shi sai dai in an tafi dogon yajin aiki. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda za ki iya cewa wannan satin ba na nan, kuma duniya ba ta tashi ba.

Lesin ɗin yara shi ne mafi sauƙin farawa. Kin ci bayoloji da kemistiri har kin samu nosin, toh akwai iyaye da yawa masu neman wadda za ta zaunar musu da ƴan SS3 kafin WAEC da JAMB, kuma gidajen Hausawa sun fi sakin jiki da mace ƴar uwarsu ta shigo ta koya wa ƴanmata. Amma ki yi lissafin mota kafin ki ce eh. A ce an yi miki tayin 30,000 a wata, sau uku a sati, zuwa 12 kenan, in kowane zuwa da dawowa yana cin 1,500 toh 18,000 ta tafi wa direbobin danfo, ke kin tashi da 12,000 da ciwon baya. Gara ki tara yara huɗu ko biyar na layinku a tsakar gida ranar Asabar da Lahadi kowa ya biya kaɗan, babu kuɗin mota babu gosulo.

Lalle da kitso kuma in kina da hannu, wallahi a Legas kin tsinci dami a kala, don ba mu kaɗai ke yi ba, amaren Yarbawa Musulmi ma suna so kuma suna biya da kyau, ga shi aikin ƙarshen sati ne. Matsalarsa ɗaya, yana zuwa ne kamar damina, gab da Sallah da watan Disamba ki rasa inda za ki sa kanki, sauran watanni shiru, kuma amarya ba ta san wani abu wai shi tes ranar Litinin ba, za ta ce ki zo goma ta fito ƙarfe biyu. Ki karɓi rabin kuɗi tun kafin ranar, ki faɗi lokacin da za ki tashi tun a waya. Sayar da kaya ma haka, turaren wuta, humra, hijabai, dambun nama, kilishi, ki sa a sitatus ɗin WhatsApp wanda ya biya ki kawo masa. Na gwada zoɓo da kunun aya na bari, ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu kunun ayan nan gaba ɗaya ya yi tsami na zubar, ga ɗaukar kula a cikin danfo kwandasta yana cewa sai kin biya mata kujera. Ki zaɓi abin da ba ya lalacewa kuma zai shiga jakar goyo. Bashi kuwa ƴan ajinku za su ci, ki sa iyaka tun farko, wadda ba ta biya na baya ba ba ta ɗaukar sabo, ko da ita ce take riƙe miki kujera a lakca.

Yanzu bari mu zo kan wanda ya fi kawo kuɗi kuma ya fi haɗari, jinya a gida. Akwai gidaje da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende har cikin Ikoyi da suke da tsohuwa a kwance, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki ko ciwon suga ya ci ƙafa, ƴaƴan suna kasuwa ko ofis, ita kuma Hajiya ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, an kawo mata mai kula uku duk ta kore su don ba sa gane me take cewa, ba su san yadda za su taimaka mata ta yi alwala ko taimama ba. Ke da kike jin Hausa kuma kin yi fostin ko sau biyu ne, kin fi kowa dacewa da gidan. Amma kar ki fara sai kin gama 200 lebul aƙalla, kin iya juya mara lafiya duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, kin san ba a ba mai shanyewar jiki abinci a kwance sai an tayar da ita zaune a ba ta kaɗan-kaɗan saboda sarƙewa, kin iya auna BP da suga ki rubuta a littafi da lokaci. Iyakarki kenan, wanka, canza zanin gado, ciyarwa, tuna mata maganin da likita ya rubuta, lura da kuma kiran ƴan gida in kin ga canji. Allura, ƙarin ruwa, sa robar fitsari, ƙara ko rage magani, babu hannunki, ko da Alhaji ya ce haba ƴata ai ke ma likita ce. Ki ce Baba ni ɗaliba ce, a kira mai lasisi, ba abin kunya ba ne.

Kafin ki taka gidan ki yi abu huɗu. Ki tabbatar ta hannun wanda aka sani aikin ya zo, malamar Islamiyya ko wata nas babba ko dangi, ba wani da ya turo miki saƙo a Facebook ba. Zuwan farko ki tafi da yayanki ko wata babba, a ga gidan a ga su waye a ciki. Ki sa a rubuta yarjejeniya ko a WhatsApp ne, ranaku, awoyi, nawa, yaushe ake biya, kuma me da me ne aikinki, in ba haka ba sati biyu za ki tsinci kanki kina wanke-wanke da raino da zuwa cefane. Sannan iyayenki su sani su kuma amince, in da miji shi ma haka, kar ki yi a ɓoye don ranar da wani abu ya faru su ne za su tsaya miki.

Kuskuren da na yi a nan shi ne na karɓi kwana. Ina 300 lebul aka haɗa ni da wata tsohuwa, dare uku a sati, na ce a raina ai barci za ta yi ni kuma in buɗe famakoloji in yi ta karatu ana biyana. Ashe baiwar Allah da rana take barcinta, da dare kuma hira take so, ta ba ni labarin zuwansu Ikko a jirgin ƙasa tana amarya, in na fara gyangyaɗi ta ce ƴar nan ƙafata, ga juyi duk awa biyu. Sati na uku ina fitowa daga gidan da asuba na wuce dutin safe a asibitin da aka tura mu, aka ce in zagaya in auna kowa, na auna na rubuta, sai can sista ta kira ni ta ajiye folda biyu a gabana ta ce karanta. Na ɗauki BP ɗin mai gado na huɗu, wanda ya hau sosai, na rubuta a foldar mai gado na biyar, ita kuma mai hawan jinin na ba ta lafiyayyen lamba. Allah ya sa ta sake aunawa da kanta kafin a zo rabon magani. Ba ta yi min ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi min sauƙi, kallon idona kawai ta yi ta ce jiya a ina kika kwana, sannan ta ce in tafi gida, kuma ba ta sa min hannu a ranakun satin ba, sai da na rama su lokacin da kowa yake shirin Sallah. Daga ranar na mayar da aikin Asabar da Lahadi da rana, kuɗin ya ragu sosai amma na daina ganin lambobi bibbiyu. Taura biyu ba ta taunuwa, in gobe kina da duti toh daren yau na barci ne.

Akwai kuma tayin da za a yi miki wanda nake so ki ce a'a tun kafin a gama faɗa. Ƙananan asibitocin kuɗi na cikin lungu suna son ɗaliban nosin don arha ne, a ce ki zo ki riƙe dare, wai ai ba kowa ke zuwa ba. Na taɓa zuwa wani dare ɗaya tak. Wajen ƙarfe biyu aka shigo da yaro yana jijjiga jikinsa kamar wuta, uwar tana kuka tana kirana nas, likitan da aka ce yana kusa wayarsa a kashe, ni kaɗai sai mai gadi. Abin da na iya shi ne na kwantar da shi ta gefe na hana su cusa masa cokali a baki, muka samo keke na raka su babban asibiti. Da safe ko kuɗin ban koma karɓa ba. Duk wanda ba shi da lasisin Kansul ya yi aikin nas ya karya doka, abin da ake ce wa okzilari nas ɗin nan, wato wadda ta koyi aikin a asibitin kuɗi ba tare da lasisi ba, Kansul ba ta san da shi ba, kuma in abu ya ɓaci mai asibitin zai ce shi bai sa ki ba, ke ce sunanki zai je makaranta. Haka kuma a wad lokacin fostin, za ki ga ƴan uwanmu da aka kawo daga Mile 12 ko abbatuwa ba sa jin abin da likita ke faɗa, ki yi musu tafinta don Allah, in sun miƙo miki wani abu ki ce a'a, kar kuma ki mayar da wad wurin tallan turarenki.

Mataki na huɗu, tsara satin. Ranar da aka liƙa rosta, wato jadawalin duti, ki ɗauki hotonta ki tura wa duk wanda kike wa aiki, ki ce ga ranakun da nake nan ga waɗanda ba na nan, tun kafin su sa rai. Ki kama ƙawa ɗaya ko biyu a aji masu amana, wadda za ta kira ki in an matso da tes ko an canza wad, don irin wannan sanarwar a guruf take faɗowa ƙarfe goma na dare. Ki kuma samu wadda za ta iya riƙe miki lesin ko lalle in kin maƙale, ku raba kuɗin ranar. Musanyar duti kuma kar ki yi ta a bayan fage, ki sanar da sista ko malamin da ke kula da ku, in ba haka ba ranar da ƙawar ta ƙi zuwa sunanki ne a rosta.

Hanya ma wurin karatu ce in kin iya zaɓen mota. A BRT da katin Cowry ɗinki za ki iya zama ki duba tsoffin tambayoyi a waya, haka jirgin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, sai dai ki san lokutan tashinsa don ba kowane lokaci yake nan ba. A danfo kuwa kar ki fito da waya kusa da taga musamman a Oshodi, ni abin da nake yi shi ne in naɗi muryata da dare ina karanta not da Hausa yadda na gane shi, da safe in sa abin kunne a ƙarƙashin hijabi in yi ta saurare, sai dai ki bar kunne ɗaya a buɗe don ki samu ki ce owa, wato akwai mai sauka, in an zo tasharku. Kar ki dogara da acaɓa, tun 2022 an hana shi a Ikeja da Surulere da Mushin da wasu ƙananan hukumomi. In kuma dutin safe ya sa kin fito da duhu, ki shiga mota a tasha, ban da wadda ta tsaya miki a bakin titi da mutum uku a ciki, ƴan wan cans, wato ɓarayin da ke yin kamar motar haya ce, da asuba suke farauta. In da hali ma ki nemi hostal ko ku haɗu ku uku ku kama ɗaki kusa da makaranta, awa 15 ɗin nan ta hanya da za ta dawo hannunki ta fi wani aikin riba.

Na biyar a taƙaice, jikinki. Ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ki fara taɓa marasa lafiya, allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. In allurar da aka yi wa wani ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu ki faɗa nan take, maganin kariyar HIV cikin awa 72 ake fara shi kuma gara a awannin farko. Ki sayi takalmi mai taushi ko da gwanjo ne. Da azumi kuma ki rage aiki da kanki tun kafin jiki ya rage miki, tsayuwar wad da ƙishirwa da gosulon yamma sun isa.

Kuɗin da ke shigowa ki raba shi ranar da alat ya shigo, na mota daban, na ci daban, na Kansul daban a inda hannunki ba ya kaiwa da sauri. Adashe yana da kyau in da mutanen kirki ne, ki roƙi a ba ki kwasa a watan da za ki biya kuɗin jarabawa. Kuma ki shirya wa ƴan gida, don da sun ga kin fara samu za a fara Anti sayo mana burodi, Yaya gas ya ƙare, ki taimaka daidai ƙarfi amma ki faɗa wa Mama gaskiyar abin da kike samu da abin da yake jiranki, iyaye in sun ga lissafi a takarda sun fi kowa tausayi.

Na ƙarshe shi ne sanin lokacin ajiyewa. In kika ga kin faɗi tes biyu a jere, ko kin fara makara a duti, ko kina karanta shafi ɗaya sau uku ba ya shiga, toh aikin ne zai tafi, don maimaita shekara ɗaya ya fi duk abin da kika tara a lalle tsada. Jarabawar Kansul kuma ni wata biyu kafin ta na sallami kowa, don ban da ta kwamfuta akwai OSCE, inda za ki bi tasha-tasha ana kaɗa ƙararrawa, a nan ki wanke hannu a can ki auna a gaba ki yi wa mara lafiya bayani cikin ƴan mintuna malami yana tsaye da takarda yana maki, wannan sai kin yi ta maimaitawa da ƴan ajinku da yamma, daidai lokacin da da kina gidan lesin. Ki faɗa wa masu gidan tun da wuri ki kuma kawo musu wadda za ta maye gurbinki, ƴar 300 lebul mai hankali, sai ki ga ƙofar ta zauna a buɗe.

In lasisin RN ya fito lissafin ya canza, yanzu kina da damar yin lokum, wato aikin wucin gadi, a asibiti mai rajista, dare ɗaya ko biyu a ƙarshen sati, kuma kuɗinsa ya fi na lesin nesa ba kusa ba. Haka waɗanda suka riga suka yi sukul of nosin suka shigo digiri ta dairek entiri ko suke yi a NOUN, jami'ar karatu daga gida, su dama da lasisinsu a hannu, abin da ya rage musu shi ne su zauna da metron, shugabar nas-nas ta asibitinsu, tun farkon semista a daidaita rosta da ranakun jarabawa. Kafin ki karɓi lokum ki tambaya likita yana kwana a ciki ko kiransa ake yi, gado nawa ne, ku nawa ne a dutin, kuma a ƙarshen dare ake biya ko ƙarshen wata. Ki tafi da kwafin lasisinki, na ainihin ya zauna a gida, kuma ki tuna 500 lebul akwai haihuwar da dole sai kin karɓa da hannunki an sa miki hannu kafin jarabawar ungozoma, naƙuda kuma ta fi son tsakar dare, saboda haka kar ki sayar da duk dararenki.